Pepiniyar a Arlit: wane itace ne ke kamawa da yankan reshe, wane ne sai da iri?



Kowace shekara ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun ƴancin kai, ana bikin dashen itatuwa a Nijar, al'adar da aka fara tun 1975. Mu ma nan arewa ba a barinmu a baya. Ana dasawa a harabar makarantu, bakin masallatai da ƙofar gidaje. To amma in bazara ta zagayo, sai ka tarar da ramuka da yawa babu kowa ciki sai busasshen kara. Laifin awaki ne wani lokaci, wani lokaci na ƙishirwa. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba: tun daga pepiniyar, wato wurin renon ƴan itatuwa, ake yin kuskuren. An ɗauki itacen da ba ya kamawa da reshe an ce sai ya kama, ko an ɗauki wanda ya kama da reshe an kai shi inda ba mai ba shi ruwa.

Maganar ta ƙara muhimmanci tun da kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa ta Akokan a ƙarshen watan Maris na 2021. Magidanta da dama sun juya ga garka da kiwo, wasu kuma ƴan uwansu na ƙetare ne ke aiko musu da ɗan jari. Wanda zai zuba kuɗin guminsa a leda da ruwa da shinge, ya kamata ya san abin da zai rayu.

Me ake nufi da dasa reshe?

Hanya ce ta yanko reshen itace mai rai, a kafa shi cikin ƙasa mai danshi har ya fitar da saiwa ya zama itace mai zaman kansa. Amfaninta babba guda biyu ne. Na farko, sabon itacen kwafin uwarsa ne sak. In ka yanko daga rumman mai zaƙi, rumman mai zaƙi za ka samu. Iri kuwa ba ya ba da wannan tabbaci, domin ɗa yana iya biyo uwa, yana iya biyo wani uban da iska ko ƙudan zuma suka kawo. Na biyu shi ne sauri: reshe ya riga ya girma a jikin uwarsa, shi ya sa yakan riga na iri yin ƴaƴa.

Amma fa akwai abin da reshe ba ya da shi. Itacen da ya tsiro daga iri yana fara aika uwar saiwa, doguwa guda ɗaya, ta nutsa ƙasa tana neman ruwa tun kafin ganye ya yi yawa. Reshe kuwa ƙananan saiwoyi yake bazawa kusa da saman ƙasa. A Maraɗi ko Gaya, inda damana ke da albarka, wannan ba babbar matsala ba ce. A Arlit, inda ruwan sama na shekara ɗungum ba ya kai milimita 100 a yawancin shekaru, kuma zafin bazara ke haura digiri 40, wannan bambanci shi ne tsakanin rai da mutuwa.

Ku tuna da itacen nan na Tenere da duniya ta sani. Kandili ne, wanda Abzinawa ke kira afagag. Ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar sahara, kuma da aka haƙa rijiya kusa da shi a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 har ta isa ruwa. Ƙishirwa ba ta kashe shi ba, mota ce ta buge shi a 1973, kuma gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai har yau. Irin wannan saiwa daga ƙwayar iri take fitowa. Ke nan doka ta farko: reshe na inda hannu zai kai masa ruwa ne, garka, gida, bakin ƙorama. Fili mai nisa na iri ne.

Waɗanda ke kamawa da reshe cikin sauƙi

Dashi, wanda ake kira adaras da Tamajak, shi ne sarkinsu. Manoman kudu sun daɗe suna shinge da shi. Ana saro reshe mai kauri, tsawon mita ɗaya ko fiye, a ƙarshen rani lokacin da itacen ya zubar da ganye, a kafa shi kai tsaye inda ake son shingen. Ba ya buƙatar leda. Abin da ke kashe shi yawan ruwa ne, domin gindinsa ruɓewa yake.

Aguwa ma haka take. A jahar Tawa ana amfani da ita wajen shinge da tsayar da rairayi. Bayan an yanko ta, a bar ta cikin inuwa ƴan kwanaki har farin ruwanta ya bushe a bakin yankan, sannan a kafa. A kiyaye wannan farin ruwa da ido, kuma kada a ba yara aikin.

Akwai azawa, itacen nan mai siraran ganye kamar zare da muke gani a kwarurukan Abzin. Reshensa na kamawa a jiƙaƙƙen rairayi ba tare da wahala ba, yana jure ruwa mai gishiri, kuma yana tare iska sosai. Aibinsa ɗaya: ganyensa na tara gishiri yana zubarwa a ƙasa. A sa shi a gefen garka ta inda iska ke bugowa, nesa da fangalin albasa da tumatir.

Sai ƴan garka irin su rumman, inabi da ɓaure, waɗanda mutanen Timiya suka ƙware a kansu. Su ne ake yi wa reno na leda da za mu bayyana nan gaba. Zogale ma na kamawa da sanda mai kauri, ko da yake asalinsa daga Indiya yake. Na reshe ya fi saurin ba da ganye, na iri ya fi jure ƙishirwa da iska.

Waɗanda sai da iri

Kandili, tamat, bagaruwa, aduwa, jiga da hanza, duk waɗannan ƴan gida ne na asali, su ne abincin raƙuma da awaki, su ne inuwar makiyayi. Kada a ɓata lokaci da ruwa wajen kafa rassansu. Ko an samu ɗaya-ɗaya ya kama, an rasa uwar saiwar da ita ce ƙarfinsa.

Irin kandili da na bagaruwa ɓawonsu tauri gare shi. A tafasa ruwa a sauke, a zuba irin ciki a bar shi ya kwana, ko a ɗan kankare gefen kowace ƙwaya da abin yanke farce. Wanda ya kumbura shi ake shukawa, wanda ƙwaro ya huda a zubar. Aduwa kuma, ƙwallon da awaki suka ci suka tofar a garke ya riga ya sha gyara, a tsince shi a jiƙa kwana ɗaya a shuka.

Hanza tana da nata hali. Ƙwayarta ce ta ceci jama'a a shekarun yunwa, bayan an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa don cire ɗaci, kuma yau a Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods na sarrafa ta ya zama abincin sayarwa. Irinta ba ya ajiyuwa. In ya bushe ya daɗe, ya mutu. Ana shuka shi ɗanye da zarar ƴaƴan sun nuna, kuma ya fi kyau a shuka shi kai tsaye inda zai zauna. Wannan dabara ta shuka kai tsaye ita ce ƙungiyar Eden ta daɗe tana koya wa manoma a yankin Tanut. Hanza ba ta gaggawa, mai shuka ta sai ya yi haƙuri na shekaru.

In za a rena waɗannan a leda, a nemi doguwa, santimita 25 zuwa 30, kuma kada su wuce wata 3 zuwa 4 a ciki. In sun daɗe, uwar saiwa za ta naɗe a gindin leda kamar gammo, kuma itacen da saiwarsa ta naɗe ba ya ƙara nutsawa ƙasa yadda ya kamata.

Hanyoyi uku na tsakiya

Akwai itatuwan da muke son kwafin uwarsu amma reshensu ba ya kamawa da sauƙi. Su ma da dabararsu.

Ta farko aure. Magarya ce misali. Ana shuka magaryar gida da iri, ta yi uwar saiwarta, sannan a aura mata reshen magarya mai manyan ƴaƴa, irin wadda aka kawo daga Indiya, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa da sunan tuffar Sahel. Kun ga an haɗa biyu ke nan: ƙarfin gindin gida da girman ƴaƴan baƙuwa. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a riƙa cire shi, in ba haka ba magaryar gida za ta rinjaye.

Ta biyu ɗan gindi. Haka ake yi wa dabino a Ingal, Timiya da Iferwan. Wanda ya shuka ƙwallon dabino sai ya jira shekaru kafin ya san mace ce ko namiji, kuma kusan rabi maza ne. Ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai kyau kuwa, mace ce irin uwarsa. A bari ya yi saiwarsa, a raba shi da uwar da ƙarfe mai kaifi, a ɗaure ganyensa, a dasa.

Ta uku kwantar da reshe. Ana lanƙwaso reshe ba tare da an yanke shi ba, a ɗan kankare ɓawonsa, a binne tsakiyarsa a danne da dutse, kansa na waje. Uwa na ci gaba da shayar da shi har ya yi saiwa, sannan a yanke. Wannan ba dabarar talaka kaɗai ba ce. Ƴaƴan itacen nan da Faransawa ke kira nuwazet, wanda ake sawa cikin cakulan, Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, kuma da yake reshensa na da wuyar kamawa, da ƴaƴan gindi da kwantar da reshe aka saba yaɗa shi. Kowane itace da ƙofar da ake shigarsa.

Yadda ake renon reshe a leda

Lokaci: ga rumman, inabi, ɓaure da azawa, lokacin sanyi ya fi, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Itacen na hutawa, rana ba ta da zafi, reshe zai samu makonni yana saiwa kafin bazara. Wanda ya yanka a watan Mayu ya haɗa kansa da asara.

Uwa: a zaɓi itace lafiyayye wanda aka san ƴaƴansa ko inuwarsa. Kada a kwashe duka daga uwa ɗaya. In cuta ta zo, ƴaƴan uwa ɗaya tare suke faɗuwa.

Yanka: da sassafe, da wuƙa mai kaifi da aka goge da ruwan jabel. Reshen bara ake so, mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya ko ɗan fiye, wato santimita 20 zuwa 30, mai ido 3 ko 4. A yanka gindin a karkace dab da ƙarƙashin ido, saman kuma a miƙe. Wannan na taimakawa a gane kai da gindi, domin reshen da aka kafa a juye ba ya yi. A cire ganye duka ko a bar ɗaya a sama. In daga nesa aka yanko, misali daga Timiya zuwa Arlit, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, kada a bar shi a rana bisa mota.

Ƙasa: rairayin ƙorama mai tsabta shi ne kan gaba, da ɗan taki kaɗan wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki na ƙona reshe kuma yana kiran gara. A huda gindin leda don ruwa ya wuce.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga mu mutanen garuruwan uraniyom. Kada a ɗebi ƙasa, tsakuwa ko laka daga kusa da tarin sharar ma'adinai, kuma kada a yi amfani da tsofaffin durom, bututu ko ƙarafan da suka fito daga mahaƙa wajen tara ruwan ban itace. Ƙungiyar Aghir in'Man ta nan Arlit da cibiyar CRIIRAD ta Faransa sun daɗe suna jan hankali a kan irin waɗannan kayayyaki. Abin da za mu ci ganyensa ko ƴaƴansa, mu san inda ƙasarsa da ruwansa suka fito.

Kafawa: a fara huda rami da tsinke, a sa reshen, kashi biyu cikin uku a ƙasa, ido ɗaya ko biyu a waje, a danna ƙasar da yatsu. Akwai garin magani da ake shafawa a gindi don saurin saiwa, amma waɗannan itatuwa da muka lissafa suna kamawa ko babu shi.

Inuwa da iska: a yi rumfa ta zana ko tabarma, a kewaye gefen gabas da arewa inda iskar hunturu ke fitowa. Busasshiyar iskarmu ta fi rana kashe reshe, domin tana tsotse ruwan jikinsa alhali ba shi da saiwar da zai mayar. Dabara mai sauƙi: a yanke gindin gorar roba ta ruwa a kifa a kan kowane reshe, a cire murfin don ya sha iska.

Ruwa: yayyafi da safe, ƙasa ta kasance da danshi kamar tsumman da aka matse. A yi lissafi tun farko: leda 100, in kowace ta sha rubu'in lita, lita 25 ke nan kowace rana, bido ɗaya babba. In ba za a iya ba, a fara da 30. Ruwan alwala da na wanke hatsi suna da kyau. Ruwan wanki mai omo ko jabel kuwa a'a. In an ga farin gishiri na taruwa a saman leda, a ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ya fita ta ƙasa.

Haƙuri: ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa. Reshe na iya fitar da ganye cikin mako biyu da abincin da ya taho da shi daga uwa, alhali ko saiwa ɗaya babu. Kada a tumɓuke don dubawa. A jira mako 6 zuwa 8. In sabon toho ya ci gaba da tsawo, ko aka ga farar saiwa ta hudar leda, to ya kama. Kuma ba duka ke kamawa ba, shi ya sa mai hankali ke yanka fiye da abin da yake bukata.

Daga leda zuwa rami

Kafin a fitar, a saba musu da rana sannu a hankali na mako biyu, ana rage inuwa da ruwa. A haƙa rami mai faɗi da zurfin rabin mita, a jiƙa shi tun jiya, a dasa da marece. A yanka ledar a cire ta gaba ɗaya, kada a fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa. A yi wa gindin kwano, a rufe da duwatsu ko busasshiyar ciyawa don rage tsotsar rana. Wasu na binne tulu ko gora mai ƙananan huda a gefe, su riƙa cikawa, ruwan na tsiyaya kai tsaye ga saiwa. Shinge kuwa tun kafin dashe ake yin sa. Akuya ba ta jiran gobe.

Kada gyara ya zama ɓarna

Itatuwan kwarurukanmu ba su da yawa, kuma da ma gatarin masu itacen wuta da gawayi ya dame su. Kada neman reshe ya ƙara musu ciwo. Rassa kaɗan daga kowace uwa sun isa. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, kuma yankin Abzin da Tenere da aka keɓe tun 1988, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991, yana da nasa ƙa'idoji. Kafin a yi sara a daji, a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji da shugabannin wurin.

Kuma mu duba ƙarƙashin ƙafarmu. Kututturen aduwa ko kandili da aka sare amma yake toho, ya riga ya mallaki saiwar da ɗan leda zai yi shekaru bai samu ba. A rage tohon a bar biyu ko uku masu ƙarfi, a kare su. Wannan shi ne sassaben zamani da ya faro a jahar Maraɗi a farkon shekarun 1980, ya maido da itatuwa a miliyoyin hekta na gonakin kudu ba tare da leda ko ɗaya ba.

Ga ƴan uwa na ƙetare

Ku da ke aiko da kuɗi don a dasa itace sadaka ga iyaye, ko don ƙani ya buɗe pepiniyar, Allah ya saka da alheri. Shawararmu ita ce ku yi tambayoyi huɗu kafin ku aika. Wane itace ne? Da reshe aka yi shi, da iri, ko da aure? Ina ruwan zai fito har bazara biyu? Wa zai yi shinge, wa zai yi tsaro? Kuɗin shinge da na ruwa su fi na sayen ƴan itatuwan yawa. Itace 10 da suka ga damana ta uku sun fi 200 da aka ɗauki hotonsu ranar dashe. In za ku nemi hoto, ku nema a watan Yuni.

Masu garka da suka daɗe suna wannan aiki a Timiya, Iferwan, Cirozerin da nan Arlit, ƙofar gidan rediyo a buɗe take. Ku zo ku faɗa wa jama'a wane itace ya kama muku, a wane wata, da wane ruwa. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya abin da muka dasa.